Funfuna a Huhu: Tarihin Abin da Muka Daɗe Muna Kira Datti

A birnin Faris, a ƙarshen ƙarni na 19, akwai wata sana'a da yanzu sai dai a littafi: ɗurar tattabaru. Mai wannan aiki yakan cika bakinsa da hatsi da ruwa, ya damƙi ɗan shila, ya cusa bakin tsuntsun cikin nasa, ya tura masa har ya ƙoshi, ya ajiye ya ɗauki wani. Haka zai wuni, don su yi ƙiba kafin a kai su kasuwa. A 1890 likitoci uku, Dieulafoy da Chantemesse da Widal, suka ba da labarin wasu daga cikin masu wannan sana'a da suka zo musu da tari mai jini da rama. Duk wanda ya gan su zai rantse tarin fuka ne. Aka duba kakinsu aka sake dubawa, ba a ga ƙwayar tibi ba. Abin da aka gani zaruruwan funfuna ne, irin wadda ke kan hatsin da suke guntsa, ita ce kuma ke kashe tattabarun. Suka kira ciwon tarin fuka na ƙarya. A 1897 Louis Rénon ya ƙara da wasu masu sana'ar: masu taje gashin da ake yin hular gashi da shi, waɗanda ke barbaɗa masa gari don cire maiƙo, su wuni suna shaƙar ƙurarsa.

Ni da na ƙare ƙuruciyata a kan bencin duba kaki, wannan labari yana ci mini tuwo a ƙwarya. Abin da muke ta mamakinsa yau, wato a yi wa mutum maganin tibi wata da watanni alhali funfuna ce ke cin huhunsa, an rubuta shi shekara takwas kacal bayan gano ƙwayar tibin kanta.

Hasali ma funfuna ta riga tibi shiga idon likitoci. A 1835 Agostino Bassi, a Italiya, ya nuna cewa funfuna ce ke kashe tsutsar siliki, kuma wannan ne karon farko da aka tabbatar wata ƙaramar halitta na haddasa ciwo a jikin mai rai. A 1839 Schönlein ya gan ta a ƙurajen kan mutum, David Gruby kuma ya biyo baya da maƙero da farin bakin jarirai. A 1856 Rudolf Virchow ya bayyana ta a huhun gawarwakin da ya feɗe. A 1863 Fresenius, a Frankfurt, ya ciro wadda ta fi kowacce addabar huhu daga jikin wani tsuntsu dangin tuje, ya sa mata suna Aspergillus fumigatus. A 1876 Fürbringer ya ga wata daban, ta dangin Mucor, a huhun mamaci, kuma a 1885 Arnold Paltauf ya rubuta cikakken bayanin yadda take bin jiki.

Sai ranar 24 ga Maris 1882, Robert Koch ya tsaya a Berlin ya nuna ƙwayar tibi. A wancan zamani mutum ɗaya cikin bakwai da ke mutuwa a Turai tarin fuka ne ajalinsa. Ba laifi ba ne duniya ta juya gaba ɗaya ta fuskanci wannan abokin gaba. Amma daga ranar sana'ar duba kaki ta zama sana'ar neman abu guda. Rinin da Ziehl da Neelsen suka gyara cikin shekara ɗaya zuwa biyu bayan Koch, shi na tarar, shi na koya, da shi na yi ritaya.

Bari in faɗi yadda ake yinsa, don a gane inda funfuna ke sulalewa. Za ka ɗebo kakin da tsinke, daga wurin da ya fi kauri, ka shafa a gilashi, ka bari ya bushe, ka ratsa shi ta kan wuta don ya kama. Ka kwarara masa jan rini, ka sa wuta a ƙarƙashi har tururi ya fara tashi, amma kada ya tafasa. Ka wanke da asid, wanda zai cire jan daga jikin komai ban da ƙwayar tibi, saboda kitsen da ke fatarta ba ya sakin rini. Ka bi da shuɗi. Sai ka ɗiga mai, ka sa ido a madubin likita, ka bi fili ɗari kana neman 'yan jajayen sanduna a cikin shuɗi. Duk abin da ba ja ba, bango ne. Wani lokaci zare yakan gitta maka a cikin shuɗin nan, dusu-dusu, mai rassa. Rajistar da ke gabanka tana da gurbin "babu", da na "kaɗan", da alamar tarawa ɗaya, biyu, uku. Ba ta da gurbin zare. Abin da takarda ba ta tambaya ba kuwa, ba ya isa wurin likita.

A yi wa magabatanmu adalci, suna da hujja. Ƙwayar tibi ba ta da abin yi a kakin mai lafiya. In ka gan ta, magana ta ƙare. Funfuna ba haka take ba. Irinta na cikin iska, a rumbu, a juji, a akurkin kaji, a bangon da ya sha damina. Kowannenmu na shaƙar ɗaruruwan 'ya'yanta kullum, huhun mai lafiya kuma ya share su ba tare da ya sani ba. Ka buɗe farantin shuka ƙwayoyi na minti ɗaya a lokacin hunturu, ka rufe, bayan kwana uku za ka tarar da lambu: kore, baƙi, rawaya. To in ta tsiro daga kakin majiyyaci, daga huhunsa ta fito, ko daga bakinsa, ko daga tagar ɗakin gwajin? Ka yarda da ita, ka ɗora wa mutum magani mai tsada mai illa a banza. Ka ƙi yarda, ka bar shi da abin da zai kashe shi. Gaba kura, baya sayaki. Mafi sauƙi shi ne a rubuta "gurɓata" a jefa farantin a tukunyar ƙonawa, kuma haka aka yi ta yi a ko'ina a duniya.

Farantin nan kansa yana da tarihi. Raymond Sabouraud, likitan fata a Faris, shi ya haɗa shi a shekarun 1890 don shuka funfunar maƙeron yara. Dabararsa ita ce ya cika abincin da sukari, kashi 4 cikin ɗari, ya kuma sa masa tsami, domin bakteriya ba sa son tsami, funfuna kuwa nan ne gidanta. Sukari da tsami. Duk sa'ad da na dafa wannan abinci a tukunyar lab sai na tuna da mai ciwon sukarin da aka kawo a sume, numfashinsa na fita da ƙarfi, jininsa ya cika da sukari ya kuma yi tsami. Tsamin jini bai kai ko kusa da na faranti ba, amma hanyar ɗaya ce.

Masu ciwon sukari sun makara wajen shiga wannan tarihi, kuma dalilin mai ɗaci ne: ba sa daɗewa. Kafin Banting da Best su fitar da insulin a Toronto, a fara yi wa yaro Leonard Thompson allurarsa a Janairun 1922, duk yaron da ciwon ya kama da wuya ya wuce shekara ɗaya ko biyu. Wanda suma ba ta ɗauke ba, sau da yawa tarin fuka ke ɗauka; har yau mai ciwon sukari ya ninka wanda ba shi da shi kusan sau uku wajen kamuwa da tibi. Sai da insulin ya ja musu kwana, sai da penisilin da streptomycin suka kakkaɓe bakteriya, sannan aka ga wanda ke laɓe a baya. A 1943 Gregory da Golden da Haymaker suka wallafa labarin mutum uku a mujallar asibitin Johns Hopkins: masu ciwon sukari, ido ya kumbura, hankali ya gushe, duka suka rasu, sai a wajen feɗe gawa aka ga zaren Mucor ya bi ta hanci da ido ya kai ƙwaƙwalwa. Ba a ba da rahoton wanda ya tsira daga wannan ba sai 1955. A 1957 Roger Baker ya rubuta a mujallar likitocin Amurka yana tambaya ko sabon ciwo ne. Ba sabo ba ne. Masu ɗauke da shi ne suka fara rayuwa har ya same su, ga kuma kotizon ya shigo hannun likitoci yana kwantar da garkuwar jiki.

Abin da ya haɗa wannan funfuna da ciwon sukari an gano shi sannu a hankali. Sukari in ya yi yawa yana kasalar da fararen ƙwayoyin jini, ba sa zuwa da wuri, in sun zo ba sa kisa da kyau. Na biyu shi ne ƙarfe. Jiki yakan ɗaure sinadarin ƙarfen da ke cikin jini tamau, don kada baƙo ya samu. Idan jini ya yi tsami, ɗaurin ya sassauta, Rhizopus kuma, wadda ita ce ta fi yawa a dangin Mucor, mayyar ƙarfe ce. An ga shaidar haka ta wata hanyar da ba a zata ba a shekarun 1980, lokacin da masu wankin ƙoda da ake ba wa deferoxamine don rage musu ƙarfe suka riƙa kamuwa da ita: ashe funfunar na karɓe ƙarfen daga hannun maganin. A 2010 kuma Ashraf Ibrahim da abokan aikinsa a Kalifoniya suka nuna cewa sukari da ƙarfe na ƙara yawan wata maƙala a bangon jijiyar jini, wadda funfunar ke kamawa ta kutsa. Shi ya sa ba ta tsayawa a inda ta sauka. Tana shiga jijiya ta toshe ta, naman da ke gaba ya mutu ya yi baƙi. A huhun mai ciwon sukari takan zauna a manyan bututun iska, wani lokaci ta ci har ta huda babbar jijiya, jini ya ɓalle lokaci guda. Wani nazari na 2005 da ya tattara majiyyata 929 daga rubuce-rubucen likitoci ya samu ciwon sukari a kan gaba cikin cututtukan da ke share mata hanya, kuma cikin waɗanda ta kama wa huhu, kashi 76 cikin ɗari sun rasu.

Wannan ita ce mai gaggawa. Akwai mai jan ƙafa, ita ce kuma muka fi gani a nan, ko in ce muka fi wucewa ta kanta. Tibi in ya warke yakan bar kogo a huhu. Aspergillus sai ta shiga kogon ta zauna, ta dunƙule ta zama ƙwallo, tana goga bango tana sa jini. Dévé ya bayyana wannan a Faransa a 1938, Monod kuma a 1952 ya nuna yadda take fitowa a hoton ƙirji: dunƙule a cikin rami, da siririyar iska a samansa. A 1968 Ƙungiyar Yaƙi da Tarin Fuka ta Birtaniya ta bi mutum 544 da suka warke amma kogo ya rage musu. Rubu'insu jininsu ya nuna alamar yaƙi da Aspergillus, kashi 11 cikin ɗari kuma ƙwallon ya fito ƙarara a hoto. Da aka sake duba su bayan 'yan shekaru sai adadin ya haura. Awon jinin da aka yi amfani da shi, wanda Longbottom da Pepys suka daidaita a Landan a 1964, ba ya bukatar wata babbar na'ura. Amma tibi na ƙarewa a Turai a lokacin, sai sha'awar ta ƙare tare da shi, ilimin bai bi cutar zuwa inda ta koma ba.

Abin haushi, a daidai waɗannan shekaru an damu ƙwarai da Aspergillus a ƙasar Hausa, sai dai ba a ƙirjin kowa ba. A 1960 talo-talo kusan 100,000 suka mutu a Ingila bayan sun ci ƙuli-ƙulin gyadar da aka shigo da shi daga Brazil, aka gano gubar Aspergillus flavus ce. Lokacin dalar gyada na tsaye a Kano, nan take masu bincike a Samaru ta Zariya suka duƙufa kan yadda funfunar ke shiga gyada tun daga gona har sito. Gyadar da za a loda zuwa Turai ta samu mai duba mata funfuna tun kafin huhun wanda ya noma ta ya samu.

Ina tuna wani dattijo, tela, mai ciwon sukari, da ɗansa ya riƙa kawo mana kakinsa a 'yar roba naɗe cikin baƙar leda. Ya sha maganin tibi har ƙarshe, aka sake ɗora shi, ya sake shanyewa, tari da jini na nan. Sakamako kullum "babu". Rannan yaron ya tsaya a taga bai tafi ba, ya ce, "Malam, don Allah in babu, to mene ne ke cin Baba?" Na ce ya dawo bayan la'asar. Na ɗebi kakin na ɗiga masa ruwan potash, wanda muke kira KOH, kashi 10 cikin ɗari, na rufe da ɗan siririn gilashi, na ɗumama, na ba shi kamar minti ashirin. Aikin potash shi ne ya narkar da duk abin da ke na mutum, ya bar bangon funfuna, don shi ba ya narkewa. Na rage hasken madubi. Ga su nan sun cika fili, sirara, a miƙe, suna rabuwa biyu-biyu duk suna fuskantar gefe guda. Na rubuta abin da na gani a bayan takarda da biro, tunda gaban ba shi da wuri, na ce ya miƙa wa likita hannu da hannu. Da aka sake ɗaukar hoton ƙirji, a tsaye da kuma a kwance, ƙwallon ya gangara ya sauya wuri a cikin kogon. Aka sa dattijon a kan itraconazole, wanda ake sha wata shida ko fiye, kuma ba kyauta ake ba da shi kamar maganin tibi ba. Ɗan ya sayar da keken ɗinki ɗaya daga cikin na shagon.

Irin wannan dattijo ba shi kaɗai ba ne. A 2011 David Denning da abokansa suka ƙiyasta, a mujallar Hukumar Lafiya ta Duniya, cewa mutum kimanin miliyan 1.2 ke ɗauke da wannan ciwo bayan tibi. A 2017 Rita Oladele da tawagarta suka duba majiyyata 208 a Legas da Ilorin, waɗanda ake yi wa maganin tibi amma kaki bai nuna ba ko magani ya ƙi ci, suka samu kashi 8.7 cikin ɗari Aspergillus ce ke damunsu. An samu makamancin haka a Gulu ta Yuganda da kuma Accra. Na'urar GeneXpert, wadda aka amince da ita a 2010, ta sauƙaƙa gano tibi ƙwarai, ina kuma cikin waɗanda suka yi murna da ita. Sai dai tambayar tibi kaɗai take amsawa, irin ta rajistarmu, kuma tunda ta zo, yara da yawa a lab ba sa ƙara sa ido a kan kaki ko kaɗan. Su zuba a kwanso, su danna, su jira takarda.

Kayan aiki sun ƙaru, ba shakka. Grocott ya gyara rinin azurfa na Gomori a 1955, wanda ke fito da zaren funfuna baƙi ƙirin a cikin nama. Shigeto Ikeda na Japan ya ƙera bututun leƙa huhu mai lanƙwasa a 1966. Hoton CT ya zo a 1971. Aka samu awon galactomannan, wani sukari da ke zubowa daga bangon Aspergillus zuwa jini, da awon beta-glucan, wanda ake haɗawa da jinin wata halittar teku mai kama da ƙaguwa. Amurka ta amince da su a 2003 da 2004. Yanzu har akwai ɗan tsinken awon jini na Aspergillus, irin na maleriya, da ba ya bukatar lantarki. Amma ga inda gizo ke saƙar: dangin Mucor, wato ainihin funfunar mai ciwon sukari, ba ta fitowa a ko ɗaya daga cikin waɗannan awon jinin. Jini zai ce lafiya lau alhali tana cin huhu. Akwai awon PCR da ke kama ta, amma sai a ɗakunan gwaji ƙalilan. Kuma rarrabewar ba ta ado ba ce: voriconazole, wanda shi ne gwanin Aspergillus, ba ya yi wa Mucor komai. Ita sai amphotericin B, da aka samo a 1955 daga ƙasar bakin kogin Orinoco a Venezuela, mai sa kaɗuwar sanyi da taɓa ƙoda, sai wuƙar likita ta yanke abin da ya mutu, sai kuma a sauko da sukarin.

Don haka magana ta dawo kan ido da gilashi. Zaren Aspergillus siriri ne mai gaɓa-gaɓa kamar karan dawa, reshensa na fita a karkace. Na Mucor faffaɗa ne, shimfiɗaɗɗe, yana naɗewa yana murɗewa, gaɓa sai can ba a rasa ba, reshensa kuma na fita a tsaye cak. Rashin gaɓar nan shi ke jawo kuskuren da ya fi yawa a sana'armu. An saba idan aka kawo nama a niƙa shi kafin a shuka. Zaren da ke da gaɓa in ya karye, kowane guntu na nan da ransa; wanda ba shi da ita in ya fashe, abin cikinsa ya tsiyaye duka, faranti ya fito wayam. Sai dai a yayyanka naman ƙanana da reza a dasa. In ta kama kuwa ba ta da kunya: kwana biyu zuwa uku ta cika faranti da furfura har ta tokari murfi. Wani kuskuren daga ɗakin tiyata yake zuwa, a tsoma naman duka a cikin fomalin. Wannan ya yi wa mai rini, amma ya kashe wa mai shuka. Rabi ya kamata a zuba a ruwan gishiri.

Indiya ta koyi wannan da tsada a 2021. Ƙasa ce mai masu ciwon sukari miliyoyi barkatai, da yawa ba su ma san suna da shi ba. Korona ta zo, aka yi ta ba da dexamethasone da 'yan uwansa, wasu bisa ƙa'ida wasu fiye da kima, sukari ya hau. Zuwa Yulin shekarar gwamnati ta lissafa sama da mutum 45,000 da wannan funfuna ta kama, sama da 4,000 sun rasu, amphotericin ya yi ƙaranci har ana rabonsa da lissafi. Mafi yawan waɗanda aka gano ta hanci da ido ta kama su, inda ake iya gani a kuma ɗebo. Ta huhu, wadda ke ɓuya a bayan tabon korona, likitocin ƙasar da kansu sun ce an gano ta ƙasa da yadda take. Awon da ya ɗauki nauyin wannan annoba, a manyan asibitocin Delhi da Mumbai masu na'urori na miliyoyi, shi ne ɗigon potash a kan gilashi. A Oktoban 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jerin farko na funfuna 19 masu haɗari ga ɗan Adam, ta sa Aspergillus fumigatus a sahun farko, dangin Mucor a na biyu.

Yaran da ke zuwa wurina neman shawara kafin jarrabawa sukan so in yi musu bayanin PCR. Ina yi, iyakar abin da na karanta. Sannan in tambaye su ko akwai kwalbar KOH a bencinsu, da ranar da aka haɗa ta, domin in ta daɗe takan yi gari-gari a ƙasa, wanda ido marar sabo zai ɗauka zare ne. Da yawa sai sun koma sun duba.